Yadda Ake Gano Tsawon Fushrod Da Ya Dace Da Injin Da Aka Yi Wa Ƙari

Cikin duk kayan da ake tarawa idan za a sake haɗa injin da aka yi wa ƙari, fushrod, wato sandar ƙarfen da ke kai turin kam zuwa bawul, shi ne abu na ƙarshe da nake saye. Fistin, kam, bawul, roka, gasket, duk kana iya yin odarsu tun kafin ka kwance noti ɗaya. Fushrod kuwa sai an ɗaura kan silinda an auna, domin tsawon da ke cikin littafin kamfani na injin da ba a taɓa ba ne. Da zarar an goge fuskar bulok ko ta kan silinda, ko an canza kam, ko an sa gasket mai wani kauri daban, wancan tsawon ya tashi daga aiki.

Maganar injinan da kam ɗinsu, wato sandar nan mai tozaye da ke buɗe bawul, ke cikin bulok nake yi, irin V8 na Amurka: ƙaramin bulok na Chevrolet da ya fito a 1955, jerin LS da ya fara a 1997, Windsor na Ford, Hemi na Chrysler da makamantansu. A irin waɗannan, tozon kam ne ke ɗaga lifta, lifta ta tura fushrod, fushrod ya tura roka, roka ta danna bawul. Fushrod ne ke cike tazarar da ke tsakanin ƙasa da sama, shi ya sa duk abin da aka taɓa a ƙasa ko a sama, a jikinsa yake fitowa. Awon duka da inci ne, domin da shi ake sayar da kayan. Ka riƙe cewa inci 0.050 daidai yake da milimita 1.27.

Kayan aiki

- Fushrod na gwaji, wato mai zare a tsakiya da ake murzawa ya ƙara tsawo ko ya ragu. Da yawa daga cikinsu zare 20 ne a inci ɗaya, don haka kowane zagaye ɗaya inci 0.050 ne. Ka samo wanda iyakarsa ta haɗa da tsawon da kake zato.
- Sifirin na gwaji guda biyu, masu laushin da za ka iya danna bawul da yatsa.
- Baniya, wato ma'aunin tsawo mai baki biyu, doguwa mai kai inci 12. Ta inci 6 da kowa ke da ita ba za ta kama fushrod ba.
- Maka, wato alƙalami mai kaurin baki, mai baƙar tawada ko shuɗiya, ko shuɗin da masu injin gogar ƙarfe ke shafawa.
- Agogon awo mai gindin maganaɗisu.
- Fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, sifanar auna ƙarfin ɗauri, da doguwar sifana ta juya karanshaf.
- Lifta daskararriya, wato wadda ba ta aiki da baƙin mai, guda biyu, masu tsayi daidai da waɗanda za ka yi aiki da su.
- Takardar bayanin kam ɗinka da ta liftocinka, da littafin rubutu.

Sai ainihin kayan da za su zauna a injin: kam ɗin, kan silindar da bawul ɗinsa, rokar, da gasket. Kada ka ari rokar wani ka yi awo da ita ko da kamfaninsu ɗaya.

Idan ba ka da fushrod na gwaji, kana iya yin naka. Ka yanke tsohon fushrod biyu, ka rage masa ɗan tsawo, ka yi zare a cikin ramin, ka haɗa su da guntun ƙarfe mai zare da noti biyu. Na yi aiki da irinsa shekaru, sai dai ba ka ƙirga zagaye da shi, baniya kawai za ka dogara da ita. Sifirin na gwaji kuma, duk wani sifirin mai laushi da zai zauna ƙarƙashin hular bawul ya riƙe shi a rufe ya wadatar. Idan sifirin ɗinka mai ciki da waje ne, wasu na amfani da na cikin shi kaɗai, amma sau da yawa ko shi ya yi ƙarfi.

Mataki na 1: Ka san irin rokar da ke gabanka

A nan mutane da yawa ke ɓata hanya tun ba a je ko'ina ba, domin aikin da tsawon fushrod ke yi ya danganta ne da yadda roka ke zaune.

Akwai roka mai turke, irin ta tsohon ƙaramin bulok da babban bulok na Chevrolet. Tana zaune ne a kan turke mai zare, noti na riƙe da ita daga sama, kuma tana iya hawa ko sauka a jikin turken. A wannan tsarin, noti ne ke saita rata, wato ɗan sararin da ke tsakanin roka da bawul, tsawon fushrod kuma shi ke yanke inda roka za ta tsaya a kan turke, wato yadda bakinta zai riƙa tafiya a saman bawul.

Akwai kuma roka marar saiti, wadda ake ɗaure ta tamau a kan gindi da bol, irin ta LS da ta Ford 5.0 ta shekarun baya. Wannan ba ta hawa ba ta sauka. Tafiyar bakinta a saman bawul tsayin gindin ne ke yanke ta, kuma da washa ake gyara wannan. Abin da fushrod ke yi a nan shi ne yanke yawan dannin da lifta za ta samu, wato yadda zai nutsar da ƙoƙon da ke cikinta bayan rata ta ƙare.

Ga misalin da zai nuna maka bambancin. Idan ka sa bawul mafi tsawo a roka mai turke, fushrod mafi tsawo kake bukata don rokar ta hau sama tare da shi. A roka marar saiti kuwa, dogon bawul ɗaga bakin roka yake yi, ƙeyarta ta yi ƙasa, sai ka ga gajeren fushrod kake nema. Canji ɗaya, amsa biyu masu karo da juna. Sauran canje-canjen hanyarsu ɗaya ce: gogar bulok ko kan silinda na rage tsawon da ake bukata, gasket mai kauri na ƙara shi, kam mai siririn baya, wato sashen da babu tozo, na ƙara shi, lifta mai taya kuma ta fi ta gargajiya tsayi don haka tana rage shi sosai. Ƙaramin bulok na Chevrolet mai liftar gargajiya wajen inci 7.800 yake ɗauka, mai lifta mai taya ta kamfani kuwa wajen 7.200. LS1, injin farko na jerin LS, wanda bai ga hannu ba 7.400 ne. Waɗannan lambobin mafari ne kawai na saita abin gwaji.

Mataki na 2: Ka haɗa injin kamar yadda zai zauna

Kam ya shiga, sarƙar taimin ta hau, an daidaita ta. A silindar da za ka fara da ita, ka cire sifirin na gaske daga bawul biyu ka sa na gwaji. Sannan ka ɗaura kan silinda da gasket ɗinsa.

Maganar gasket tana da muhimmanci, domin kaurinsa bayan an matse shi ake ƙirgawa, ba kaurinsa a cikin kwali ba. Idan kana da tsoho irinsa sak da aka riga aka matse, shi ya fi, ka goge shi ka yi amfani da shi. Idan babu, kana iya yin awo ba gasket, ka ɗaura kan silindar a hankali a kan bulok, daga baya ka ƙara kaurin da kamfanin gasket ya rubuta, misali inci 0.041, a kan abin da ka samu. Amma kafin ka yi haka ka tabbata fistin ba ya leƙowa sama da fuskar bulok, kuma ka juya injin sannu, don ba gasket tazarar bawul da fistin ta ragu. Ni na fi son tsohon gasket, lissafi ya ragu, kuskure ya ragu.

Kada ka juya inji da fushrod na gwaji alhali sifirin na gaske na kai. Zaren tsakiyarsa siriri ne, zai lanƙwashe, kuma lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata maka duk awon.

Yanzu lifta. Idan kam ɗinka na lifta daskararriya ne, ka sa naka kawai. Idan na lifta mai aiki da baƙin mai ne, to akwai tarko. A cikinta akwai ƙoƙon da fushrod ke zama a kai, kuma idan babu matsin mai, ƙoƙon nutsewa yake yi da an danna shi. Na taɓa yin awo da irin wannan liftar a bushe, ina gaggawa, ban lura ƙoƙon ya sauka ba. Fushrod goma sha shida suka iso, duk sun zarce da kusan inci 0.100, ba wanda ya yi amfani. Tun daga ranar, ko dai in sa daskararriya mai tsayin ƙoƙo ɗaya, ko in buɗe tsohuwar lifta irinta, in cire sifirin ɗin ciki, in cika wurin da ƙananan washa har ƙoƙon ya tokare a sama ya daina motsi. Idan babu ko ɗaya, sifirin na gwaji mai laushi ƙwarai na iya barin ƙoƙon a sama, amma sai ka haska tocila ka riƙa kallonsa.

Mataki na 3: Ka sauke lifta a bayan kam

Duk awo ana yin sa ne lokacin da lifta ke zaune a bayan kam, wato sashen da babu tozo. Hanyar da ba ta ba ni kunya ita ce kallon ɗan'uwan bawul ɗin da nake aunawa. Ka juya injin ta hanyar da yake juyawa idan yana aiki. Da liftar bawul ɗin hayaƙi ta fara ɗagowa, to ta bawul ɗin shan iska na wannan silindar tana bayan kam, ka auna ta. Ka ci gaba da juyawa har liftar shan iska ta kai ƙololuwa ta dawo, ta kusa zama, to a nan ta hayaƙi ce ke bayan kam.

Wasu na kai fistin sama a bugun matsi su auna duka biyun. A kam na kamfani hakan na yi. A babban kam mai daɗewa a buɗe, na fi yarda da hanyar farko. Ka cire filogi duka don injin ya juyu cikin sauƙi, kuma da hannu ake juyawa, ba da kik ba.

Mataki na 4: Roka mai turke, shaidar tawada

Ka goge saman sandar bawul ya bushe, ka shafe shi duka da maka. Ka saita fushrod na gwaji a tsawon kamfani, ka zura shi, ka tabbata ya zauna cikin ƙoƙon lifta ba a gefensa ba. Ka ɗora roka a hankali don kada ta share tawadar, ka sauko da noti har rata ta ƙare.

Gane ƙarewar rata fasaha ce ta yatsa. Yawanci ana koya wa mutum ya riƙa murza fushrod tsakanin yatsu har ya ji ya fara cijewa. Ban cika son wannan ba, domin fushrod mai maiƙo yana ci gaba da murzuwa ko bayan ƙoƙon lifta ya fara nutsewa. Ka riƙa ɗaga shi sama da ƙasa. Daidai inda ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke, nan ne. Idan lifta daskararriya ce ta ainihi, ka bar ratar da takardar kam ta faɗa, da fila geji tsakanin roka da bawul.

Ka juya karanshaf zagaye biyu, wato kam ya yi ɗaya. Ni nakan yi huɗu don shaidar ta fito sosai. Ka dawo bayan kam, ka cire roka, ka duba layin da tayar roka ta share.

Idan layin ya karkata ciki, wajen tsakiyar inji inda manifol ɗin shan iska yake, fushrod ya yi gajere. Idan ya karkata waje, wajen salansa, ya yi tsawo. Ka ƙara ko ka rage zagaye ɗaya, ka sake shafa tawada, ka maimaita, kana rubuta tsawon da faɗin layin kowane karo.

A nan ne nake rabuwa da abin da aka saba faɗa. Kusan kowa zai ce maka ka nemi layi a tsakiyar bawul. Tsakiya abu ne mai kyau, amma siririn layi ya fi ta muhimmanci. Faɗin layin shi ke nuna yawan jan da taya ke yi a saman bawul, kuma wannan jan ne ke tura sandar bawul gefe ya cinye bututun da take zirga-zirga a ciki. Siririn layi da ya ɗan kauce daga tsakiya ya fi mini faffaɗan layi da ke tsakiya cif. Ina neman faɗin da bai wuce inci 0.080 ba, in na samu 0.060 ko ƙasa da haka na gode, muddin layin na cikin kashi ɗaya bisa uku na tsakiyar bawul. Idan layi mafi siranta ya faɗa can bakin gaɓa, to matsalar ba ta fushrod ba ce, rokar ce ba ta dace da wannan kan silindar ba. Kada ka yi ta wasa da tsawon fushrod don ka rufe laifin roka, ka nemi wadda ta dace.

Duk wannan maganar faɗi ta roka mai taya ce. Rokar kamfani mai lanƙwasasshen baki faffaɗar shaida take bari ko da komai daidai yake, a nan tsakiya kawai za ka duba.

Mataki na 5: Hanyar rabin buɗewa

Wannan ita ce hanyar da ke kai ka wurin kai tsaye ba tare da yawan gwaji ba, kuma ita ke bayyana dalilin siririn layi. Bakin roka ba miƙe yake sauka ba, baka yake yi. Ka ɗauka akwai layi daga tsakiyar madogarar roka zuwa tsakiyar tayarta. Idan wannan layin ya yi kusurwa 90 da sandar bawul daidai lokacin da bawul ya buɗe rabi, to rabin bakan na sama, rabi na ƙasa, taya za ta fita waje kaɗan ta dawo inda ta fara. Ba a samun ƙarancin ja da ya fi wannan.

Ga yadda ake yi. Bawul a rufe, babu fushrod. Ka ɗora madaidaicin guntun ƙarfe a kan hular sifirin, domin saman hular kusurwa 90 yake yi da sandar bawul. Ka ɗora roka, tayarta a kan bawul, ka riƙa ɗaga ta kana saita noti har layin nan na tsakiya biyu ya yi daidai da ƙarfen, ba karkata. Daga wannan wurin, ka sauko da noti rabin iyakar buɗewar bawul.

A ce takardar kam ta ce bawul zai buɗe inci 0.600 da rokar da kake da ita. Rabi shi ne 0.300. Idan turkenka mai kauri 7/16 ne, zare 20 a inci, kowane zagaye 0.050 ne, don haka zagaye shida. Idan mai 3/8 ne, zare 24, kowane zagaye wajen 0.042 ne, zagaye bakwai da ɗan ɗoriya kenan. Ka bar notin a nan, ka zura fushrod na gwaji a gajarce, ka buɗe shi har rata ta ƙare. Wani lokaci hannu ba ya shiga, sai ka ƙirga zagayen noti ka cire roka, ka ƙara tsawo, ka mayar. Haƙuri ake yi.

Ka lura da lambar buɗewar. Idan takardar kam ta yi lissafi da roka mai ninki 1.5, wato mai buɗe bawul sau 1.5 na tsayin tozo, kai kuma ka sa mai 1.6, sai ka ɗauki tsayin tozo ka ninka da 1.6. Mafi kyau ma ka ɗora agogon awo a kan hular sifirin ka karanta da idonka. Bayan ka gama, ka tabbatar da shaidar tawada. Idan hanyoyin biyu suka haɗu wuri ɗaya, ka samu.

Idan lifta mai aiki da mai za ka sa, ka ƙara yawan dannin da za a ba ta a kan tsawon da ka samu, domin ƙoƙon zai zauna ƙasa da inda ka auna. Ga liftocin gargajiya, yawanci tsakanin inci 0.020 da 0.060 ne.

Mataki na 6: Roka marar saiti

Wannan ya fi sauƙi, amma ba ya yafe kuskure, tunda babu notin da zai ɗauke maka. Lifta a bayan kam. Ka rage fushrod na gwaji ya yi gajere, ka zura, ka ɗaure roka ta zauna daram a gindinta. Ka kaɗa bakin roka, za ka ji tana ƙas-ƙas. Ka cire, ka ƙara rabin zagaye, ka mayar, har ƙarar ta ɗauke ba tare da ƙoƙon lifta ya motsa ba. Wannan shi ne tsawon da babu rata babu danni. Sai ka ƙara dannin da mai liftar ya rubuta.

Misali, abin gwajinka 6.800 ne a rufe, ka buɗe shi zagaye 11. Sha ɗaya sau 0.050 ya ba da 0.550, jimla 7.350. Idan ana son danni 0.070, ka samu 7.420, sai ka yi odar 7.425. Liftocin LS na kamfani sun fi na gargajiya son danni, yayin da liftocin tsere masu gajeriyar tafiyar ƙoƙo kaɗan suke so ƙwarai, har ana auna musu bawul bayan bawul. Shi ya sa lambar da ke takardar liftarka ta fi duk abin da wani zai faɗa maka da ka.

Danni ya yi yawa, bawul ba zai zauna sosai ba, matsi ya zube, inji ya riƙa rawa a tsaye, daga ƙarshe bawul ya ƙone. Ya yi kaɗan, za ka ji ƙarar tak-tak, ƙoƙon na dukan zoben da ke riƙe shi. Ka kuma tuna alminiyom ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, don haka inji mai bulok da kai na alminiyom yana rage danni idan ya ɗau zafi. A irinsa ba na tsayawa a ƙasan iyaka.

Idan ba ka da abin gwaji sam, akwai hanyar ƙirga zagayen bol da fushrod ɗin da ke hannunka. Ka sauko da bol da yatsa har rata ta ƙare, sannan ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya kai ƙarfin ɗaurinsa, wanda a LS fam-ƙafa 22 ne, wato Nm 30. Zaren bol ɗin milimita 1.25 ne, wajen inci 0.049 a zagaye, amma abin da ke isa ga lifta ya fi haka, domin bakin roka na tokare da bawul ƙeyarta ce kaɗai ke sauka. Da roka mai ninki 1.7 lissafin na ba da wajen 0.078 a zagaye. Kimantawa ce kawai, tunda wani ɓangare na zagayen ƙarshe matsewar bol ne ba saukar roka ba. Ta isa ta gaya maka ko kana kusa ko ka yi nisa, ba ta isa a yi oda da ita ba.

Mataki na 7: Ka zagaya kusurwa huɗu

Silinda ɗaya ba ta wakiltar inji. Ka auna shan iska da hayaƙi a silindar gaba da ta baya, a ɓangaren dama da na hagu. Gogar bulok ba kullum take zuwa daidai a ɓangarorin biyu ba, kuma wanda ya yanka mazaunin bawul yana iya nutsar da wasu fiye da wasu. Wasu injinan ma tun daga kamfani tsawo biyu suke ɗauka: babban bulok na Chevrolet wajen 8.280 ne a shan iska, 9.250 a hayaƙi. Idan bambancin kusurwoyin bai wuce inci 0.015 zuwa 0.020 ba, lifta mai aiki da mai za ta shanye. Idan ya fi haka, ka sayi tsawo biyu, ko ka koma ka binciki dalili.

Mataki na 8: Karanta tsawon da yin oda

Ka naɗa salatif a kan zaren abin gwaji kafin ka zaro shi, don ba ya rasa murɗewa a hanya. Sannan ka auna da baniya.

Sai ka san cewa hanyar auna fushrod uku ce, kuma ba lamba ɗaya suke bayarwa ba. Akwai tsawon baki zuwa baki, wanda baniyarka ke karantawa. Akwai tsawon lissafi, wanda ake ɗauka kamar ba a huda ramin mai a ƙwallon ba. Akwai kuma tsawon geji, wanda ake aunawa daga inda faɗin ƙwallon ya kai inci 0.140 a kowane ɓangare, kuma da shi manyan kamfanoni da dama ke rubuta lambar kayansu. A fushrod mai ƙwallo 5/16 da ramin mai na 0.100, baniya na nuna wajen 0.017 sama da tsawon geji. Kaɗan ne a ido, amma a lifta mai gajeriyar tafiya ya isa ya fitar da kai daga iyaka. Ka gaya wa mai sayarwa yadda ka auna. Idan na musamman za a yanka maka, ka kulle abin gwajin ka aika musu shi kawai.

Na kasuwa yawanci tazarar 0.050 suke zuwa, wasu 0.025. Ka zaɓi mafi kusa, ka sake lissafa dannin da zai ba ka ka ga yana cikin iyaka.

Tsawo ba shi kaɗai ba ne. Idan kan silindarka na da farantin da ke riƙe fushrod a layi, dole ka sayi mai taurin jiki, in ba haka ba farantin zai riƙa gurzar shi garin ƙarfe na zuba cikin mai. Idan sifirin ɗinka masu ƙarfi ne, ka nemi mai kaurin bango 0.080 ko fiye, ko mai jiki 3/8 idan ramin kan silinda zai ɗauka. Fushrod da ke lanƙwasa yana miƙewa yayin aiki sace maka buɗewar bawul yake yi. Ka kuma duba siffar bakinsa ta dace da ƙoƙon roka, don akwai mai ƙwallo, akwai mai ƙoƙo.

Mataki na 9: Idan sababbin sun iso

Ka auna kowane ɗaya da baniya, ka gangara shi a kan gilashi ka ga ko ya miƙe, ka hura ramin man ka wanke shi. Ka sa guda biyu da sifirin na gwaji ka sake shaidar tawada ko lissafin danni kafin ka mayar da sifirin na gaske.

Daga nan ka juya injin a hankali kana duba inda ƙarfe zai iya taɓa ƙarfe. Bawul a rufe, cikin roka kada ya taɓa hular sifirin. Bawul a buɗe gaba ɗaya, ramin roka kada ya tokari turke, ka zura waya mai kaurin wajen 0.060 ta gaba da ta baya ka ga ta shige. Ka shafa maka a jikin fushrod inda yake ratsa kan silinda, ka juya, ka zaro ka ga ko an share. Noti ya kama zare mai yawa a turke, domin dogon fushrod na ɗaga roka sama har zaren ya kusa ƙarewa, in haka ta faru dogon turke za ka nema. Sifirin na gaske ya rage aƙalla 0.060 kafin zobensa su haɗe. Tazarar bawul da fistin kuma, abin da aka saba nema shi ne 0.080 a shan iska, 0.100 a hayaƙi, kuma idan ka canza tsayin roka, ka sake duba ta don buɗewar na iya ƙaruwa.

Na ƙarshe, ka kifa murfin bawul ba tare da ka ɗaure ba, ka manna ɗan yumɓu a kan notocin roka, ka juya injin zagaye biyu, ka ɗaga ka ga yawan matsewar da ya yi. Lokacin haɗawa ta ƙarshe, ka shafa man haɗa inji a bakin kowane fushrod sama da ƙasa, kuma kafin tayarwar farko ka tura baƙin mai ta famfo har ka ga ya ɓullo a kan kowace roka.